Felix Wankel: Maƙerin Injin da Ba Shi da Fistan

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titi cikin Sabon Garin Maraɗi zai ga adaidaita-sahu suna kai da kawo, wasu sun nufi kasuwa, wasu sun ɗauki hanyar Tibiri ko ta Jiratawa ɗauke da fasinja da buhuna. In ya bi ɗaya daga cikinsu zuwa wurin bakanike ranar da ta ƙi tashi, zai tarar an kwance inji, an zaro fistan, ana duban ringi. Haka cikin babur ɗin ɗan kabu-kabu yake, haka injin ban-ruwa na mai lambu, haka na babbar motar da ta taso daga Katsina. Fistan ya hau, ya tsaya, ya sauko, ya sake tsayawa, sau dubbai a cikin minti guda, sa'an nan wata sanda mai gwiwa ta mai da wannan hawa da sauka ya zama juyin da ke tura taya.

An yi wani Bajamushe da ya ɗauki wannan tsayawa ta fistan a matsayin aibi, ya kuma ƙarar da shekara sittin da ɗoriya yana neman yadda za a rabu da ita. Sunansa Felix Wankel. Bai taɓa mallakar lasisin tuƙi ba, saboda raunin gani. Injin da duniya ke kira da sunansa ba shi ne ainihin wanda ya zana ba, kuma kamfanin da ya hana injin mutuwa ya fara sana'ar mota ne da ƴar mai taya uku, ƴar uwar waɗannan da ke yawo a titunanmu.

An haifi Wankel ranar 13 ga Agusta 1902 a garin Lahr, cikin ƙasar Baden, kudu maso yammacin Jamus. Shi kaɗai ne ɗa ga iyayensa. Mahaifinsa, Rudolf, ma'aikacin gandun daji ne, ya kuma mutu a fagen fama a 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan mahaifiyarsa ta koma da shi Heidelberg. Karatu bai karɓe shi ba: ya bar sakandare a 1921 ba tare da takardar da ke buɗe ƙofar jami'a ba, ya shiga koyon aiki a wani kamfanin ɗab'in littattafai na Carl Winter, inda ya zauna har 1926. Saboda haka mutumin da daga baya injiniyoyin manyan kamfanoni suka yi ta sintiri a ƙofarsa bai taɓa zama a ajin koyon injiniyanci ba. Abin da Allah ya hore masa shi ne idon zuci: yana iya hango yadda ƙarfe zai juya cikin ƙarfe tun bai ɗora alƙalami a takarda ba. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana da shekara 17 ya yi mafarkin yana tuƙa mota mai wani sabon inji da ba a taɓa gani ba. A 1924 ya haɗa kai da abokansa suka buɗe ƴar maƙera a wata rumfa ta bayan gida a Heidelberg, kuma a 1929 ya sami takardarsa ta farko ta haƙƙin ƙirƙira.

Kafin a ci gaba, akwai gyara ɗaya ta fuskar suna. Harafin W a Jamusanci ana furta shi ne da leɓen ƙasa a jikin haƙoran sama, sautin da Hausa ba ta da shi, don haka da sunan ya shigo bakin Bahaushe ta kunne, da mai yiwuwa Bankel ko Fankel za mu ji. Sai dai bai shigo ba. Takwaransa Rudolf Diesel ya bar mana kalmar dizal, wadda yaro ma ya sani, amma Wankel bai bar ko kalma ɗaya a garejinmu ba, kuma dalilin haka na cikin labarin nan.

Samartakar Wankel tana da wani ɓangare da masu yabonsa suka fi son a tsallake, mu kuwa ba za mu tsallake shi ba. Tun a 1921 ya shiga wata ƙungiya mai tsananin ƙin Yahudawa, a 1922 kuma ya zama ɗan jam'iyyar Nazi, tun tana ƙarama, lokacin da babu wanda zai ce tsoro ko neman abinci ne ya kai shi. Ya kafa ƙungiyoyin samari yana koya musu atisaye irin na soja. A 1931 shugaban jam'iyyar a Baden, Robert Wagner, ya ɗora shi a kan ƙungiyar matasan Hitler ta yankin. Ba a jima ba suka ɓata, aka kore shi daga jam'iyya a 1932, kuma da ƴan Nazi suka hau mulki a 1933 Wagner ya sa aka kulle shi wata shida a kurkukun Lahr. Wanda ya ji wannan kaɗai zai zaci ɗan adawa ne da aka zalunta. Ba haka ba ne. Rigima ce ta cikin gida tsakanin masu aƙida ɗaya, kuma wanda ya fito da shi shi ne Wilhelm Keppler, mai ba Hitler shawara kan tattalin arziki. Wankel ya nemi komawa jam'iyyar a 1937 aka ƙi, sa'an nan a 1940, da taimakon Keppler ɗin, aka karɓe shi cikin rundunar SS da babban muƙami, kafin a soke sunansa bayan shekara biyu.

A 1936 ya auri Emma Kirn, ya koma garin Lindau da ke bakin tabkin Konstanz, inda ma'aikatar jiragen sama ta gwamnatin Nazi ta ɗauki nauyin cibiyar bincikensa. Aikinsa a can shi ne ƙera bawul masu juyawa da matosai domin injunan jiragen yaƙi da makaman ƙarƙashin ruwa, tare da kamfanoni irin su BMW da Daimler-Benz. A nan ne ya zama gwani a fannin da ya fi kowa a zamaninsa, wato toshe kafa: yadda za a sa ƙarfe biyu su riƙa gogar juna cikin zafi da gudu ba tare da iska ta sulale tsakaninsu ba. Ilimin da ya ɗora injinsa a kai, da kuɗin yaƙin Hitler aka tara shi. Da Jamus ta faɗi a 1945, sojojin Faransa suka kama shi, suka tsare shi na wasu watanni, suka rufe cibiyar, suka kwashe kayan aikinsa, aka kuma hana shi bincike na wani lokaci.

Ya sake miƙewa a 1951, yana dab da shekara hamsin. Kamfanin Goetze mai ƙera ringin fistan ya ba shi kuɗin buɗe sabon wurin aiki a gidansa na Lindau, a shekarar kuma ya ƙulla da NSU, kamfanin babura na garin Neckarsulm. Tunanin inji mai juyawa ba sabo ba ne. Tun zamanin James Watt ake gwada shi da tururi, kuma Wankel da kansa ya wallafa littafi a 1963 inda ya rarraba ɗaruruwan siffofin irin waɗannan injuna gida-gida, kamar yadda mai nazarin harshe ke rarraba aikatau zuwa azuzuwa. Kada kuma a rikita shi da injin jiragen saman Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda shi ma ake ce wa mai juyawa: wancan yana da fistan, silindojinsa ne kawai ke zagayawa tare da farfela. Abin da ya gagari magabata shi ne samun siffar da za ta juya, ta matse iska, kuma ta toshu. A watan Afrilu 1954 Wankel ya dace da ita.

Mai karatu ya ɗauki ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, wanda ƙugunsa bai tsuke sosai ba, ya tsaga shi a tsaye: cikinsa shi ne siffar gidan injin. A cikin wannan gida akwai majuyi, ƙarfe mai siffar alwatika wanda gefunansa uku suka ɗan kumbura. Yayin da majuyin ke zagayawa, kusurwoyinsa uku ba su taɓa rabuwa da bango, don haka kullum akwai ɗakuna uku tsakaninsa da bangon, kowanne yana faɗaɗa yana tsukewa a kan hanyarsa. Ɗaki ya wuce ta bakin wata kafa ya zuƙi iska da fetur, ya ci gaba ya tsuke ya matse su, ya iso gaban fulogi wuta ta tashi ta tura majuyin, sa'an nan ya kai ga kafa ta biyu ya amayar da hayaƙi. Ayyuka huɗun nan da injin fistan ke yi ɗaya bayan ɗaya a silinda guda, a nan ana yin su a wurare dabam-dabam na bango, kuma ɗakunan uku suna aiki lokaci guda. In majuyi ya zagaya sau ɗaya, sandar da ke fitar da ƙarfi ta juya sau uku. Babu bawul, babu abin da ke tsayawa ya komo, ga ƙanƙanta, ga rashin nauyi, ga rashin jijjiga. Wankel ya gano siffar da ido ne. Sai da Farfesa Othmar Baier na Stuttgart ya zo ya tabbatar da ita ta hanyar lissafi.

An fara gwada ta a matsayin famfon cusa iska cikin injin wani ƙaramin babur na NSU mai cc 50, wanda a 1956 ya yi gudun da ya kusa kilomita 200 a awa a filin gishiri na Bonneville a Amurka. Ranar 1 ga Fabrairu 1957 kuma injin farko, mai suna DKM 54, ya tashi a Neckarsulm. A cikin wannan ƙira ta Wankel, majuyi da gidansa duka biyu ke juyawa, kowanne a kan cibiyarsa, shi ya sa yake iya kaiwa juyi 17,000 a minti ba tare da girgiza ba. Amma fulogi yana can cikin majuyi, sai an wargaza inji kafin a canza shi. Duk bakaniken da ya ji haka ya san ƙarshen zancen. Wani injiniyan NSU, Hanns Dieter Paschke, a ƙarƙashin shugaban sashen bincike Walter Froede, ya sake fasalin ba tare da an fara shawartar Wankel ba: ya kafe gidan wuri guda, ya bar majuyi kaɗai yana zagayawa a kan sanda mai doro. Wannan ƙira ta tashi a 1958, kuma ita ce ke cikin kowace mota da kowane babur da aka taɓa sayarwa da sunan injin Wankel. Mai sunan bai ji daɗi ba. Ya koka cewa an mai da masa dokin sukuwa dokin noma. A ganina Paschke ne ke da gaskiya, domin injin da ba a iya canza wa fulogi ba zai fita daga ɗakin gwaji ba. Amma suna ya riga ya bi Wankel, da wuya a sami wanda ya san Paschke in ba masana ba.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin Curtiss-Wright na Amurka ya sayi lasisin ƙera injin a 1958, aka nuna shi ga taron injiniyoyi a birnin Munich a watan Janairu 1960, sai kamfanoni suka yi ta tururuwa: Daimler-Benz, Rolls-Royce, Citroën, Suzuki, har General Motors da ya amince a 1970 zai biya dala miliyan 50. NSU ya fitar da mota ta farko mai wannan inji, Spider, a 1964, sa'an nan Ro 80 a 1967, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1968. Kyakkyawar mota ce, ta riga zamaninta a siffa. Ciwonta yana bakin kusurwoyin majuyi, inda wasu ƴan siraran ƙarafa ke yin aikin da ringi ke yi a jikin fistan. Ringi yana kwance ne a jikin silinda ta kowane gefe, shi kuwa matoshin kusurwa da bakinsa kawai yake gogar bango, yana ratsa wuri mai sanyi da wuri mai zafi a kowane zagaye. A motocin farko matosan sun riƙa cinyewa tun mota ba ta yi kilomita 50,000 ba, kamfani kuma yana canza inji kyauta. Har ana ba da labarin raha cewa in masu Ro 80 suka haɗu a hanya, yatsu suke ɗaga wa juna don nuna yawan injunan da aka canza musu. Asarar ta durƙusar da NSU, a 1969 aka haɗe shi da Auto Union a ƙarƙashin Volkswagen, abin da ya zama Audi ta yau. An gyara matsalar daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci. Da aka daina ƙera motar a 1977, kimanin 37,000 kawai aka yi.

Yanzu sai mu koma Jafan, ga masu taya uku. A birnin Hiroshima akwai kamfanin Toyo Kogyo, wanda ya fara da sarrafa ɓawon itacen toshe kwalba, sa'an nan a 1931 ya fitar da Mazda-Go, babur mai taya uku da akwatin kaya a baya. Sunan Mazda ya haɗa abu biyu: sunan mai kamfanin, Jujiro Matsuda, da Ahura Mazda na tsohon addinin Farisa. Bom ɗin nukiliya na 6 ga Agusta 1945 bai rusa masana'antar ba, saboda wani tsauni da ya kare ta, kuma kafin ƙarshen shekarar ta koma ƙera masu taya ukun da suka yi jigilar sake gina birnin. A 1959 suka fitar da K360, wadda har yau masu sha'awar tsofaffin motoci ke nema su gyara su mai da ita sabuwa. Wanda ya shiga irinta zai tarar da kujera biyu da sitiyari, injin fistan mai silinda biyu na cc 356 yana kuka a bayan kujera, gudunta bai wuce kilomita 65 a awa ba, kuma da yake taya ɗaya ce a gaba, dole a sassauta kafin kwana. Matuƙin adaidaita na Maraɗi ba zai buƙaci a koya masa wannan ba.

A farkon shekarun 1960 gwamnatin Jafan ta so ta haɗe ƙananan kamfanonin mota cikin manya. Shugaban Toyo Kogyo na lokacin, Tsuneji Matsuda, ya ga cewa mai ƙera ƴan taya uku ba zai tsira ba sai yana da abin da babu wanda ke da shi, don haka ya sayi lasisin injin Wankel a 1961. Injin gwajin da aka aiko daga Jamus bai daɗe yana aiki ba sai bangonsa ya cika da zane-zanen karta, waɗanda injiniyoyin suka laƙaba wa sunan sawun farcen shaiɗan. A 1963 aka kafa sashe na musamman mai injiniyoyi 47 a ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, mutumin da ya fara aiki a kamfanin yana harhaɗa giyar masu taya uku. Sun gwada abubuwa iri-iri kafin su dace da matoshi na gawayin kimiyya gauraye da alminiyam. Ranar 30 ga Mayu 1967 motar Cosmo Sport mai majuyi biyu ta fito, watanni kaɗan kafin Ro 80. Matsalar toshiya, fannin da Wankel ya yi suna a kai, a Hiroshima aka fara shawo kanta yadda mai mota zai amince.

Shi kuwa Wankel, waɗannan shekaru ne na girbi. Jami'ar Fasaha ta Munich ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1969. A 1971 shi da abokin kasuwancinsa Ernst Hutzenlaub suka sayar da kamfaninsu mai riƙe da haƙƙin injin a kan mak miliyan 100 na kuɗin Jamus ga Lonrho na Ingila, kamfanin da ya yi arzikinsa a Afirka, wanda kuma shekara biyu kafin nan ya sayi John Holt, wato Janhol ɗin da dattawan Kano suka sani. Ya sayar a kan gaɓa. A ƙarshen 1973, daidai lokacin da fari ke cin ƙasashenmu na Sahel, ƙasashen Larabawa suka taƙaita fitar da mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu, sai aibin injin na biyu ya fito fili. Ɗakin ƙonewarsa dogo ne siriri, zafi yana zurarewa ta bango, wani kaso na fetur yana fita bai ƙone ba, ga shi kuma dole a riƙa ɗiga baƙin mai a ciki domin matosai, shi ma ya ƙone ya bi hayaƙi. Wannan ba ciwon da sabon matoshi zai warkar ba ne, a jikin siffar yake. General Motors ya jingine shirinsa a 1974. Citroën ya ƙera GS Birotor ƙasa da 900, ya koma yana saye su daga hannun masu su yana rugurguzawa, shi kansa kuma ya faɗa hannun Peugeot, mai Fijon da ta cika tashoshinmu. Toyo Kogyo ya kai bakin rami, sai da bankin Sumitomo ya tallafe shi.

A nan ne amsar tambayar da muka bari a baya take. Injin da zai zauna a ƙasa irin tamu sai ya kasance mai ƙanƙancin shan mai, mai haƙuri da ƙura, wanda kuma bakanike zai iya kwancewa a gindin bedi ya sa masa sabon ringi kafin la'asar. Injin Wankel bai cika ko ɗaya ba. Abin da bai shiga hannun masu sana'a ba kuwa, ba ya samun suna a harshensu.

Wankel ya ƙare rayuwarsa cikin wadata da kaɗaici. Matarsa ta rasu a 1975, ba su haihu ba. Ya ci gaba da wata tsohuwar sha'awarsa ta ƙera jiragen ruwa masu gudu a tabkin Konstanz, ya kuma zuba dukiya a kan kare dabbobi, har ya kafa kyauta a 1972 domin binciken da zai rage gwaje-gwajen kimiyya a kansu; kyautar tana nan da sunansa. Masu nazarin rayuwarsa sukan tsaya a nan su yi mamakin mutumin da ya tausaya wa ɓeran ɗakin gwaji, alhali a ƙuruciyarsa ya sa ƙarfinsa cikin tafiyar da ta hallaka miliyoyin mutane. Yana da Ro 80 tasa ta kansa, direba ke jan shi a ciki. Ya mutu a Heidelberg ranar 9 ga Oktoba 1988, yana da shekara 86, aka binne shi a maƙabartar Bergfriedhof ta birnin.

Lokacin mutuwarsa Mazda ne kaɗai babban kamfanin da ya rage yana sayar wa duniya motoci masu injin, musamman RX-7 da ta fito a 1978. Shekara uku bayan an binne shi, a 1991, motar Mazda 787B mai majuyi huɗu ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karo na farko da wani kamfanin Jafan ya ci wannan tsere. An daina ƙera RX-8 a 2012 saboda dokokin hayaƙi da ƙarancin masu saye. A 2023 Mazda ya dawo da injin cikin motar MX-30, da majuyi guda, amma ba ya haɗe da taya: janareta yake juyawa ya caja batir, lantarki kuma ya ja motar.